Keke Ɗaya Tsakanina da Shaibu

Ranar Litinin ta farko ta watan Oktoba, shekarar da na cika sha uku, ƙafar bayan keken Kawu ta lanƙwashe da mu a tsakiyar hanyar Konni. Ina zaune a baya, na rungume sababbin littattafan rubutu guda huɗu da Inna ta sayar da akuyarta ta saya mini, Shaibu ɗan Kawu yana tuƙi yana haki, sai muka ji wayoyin ƙafar suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin in buɗe baki mun zube a gefen kwalta, cikin ƙarangiya. Ranar ce za mu fara kwaleji, mu biyu kaɗai da muka ci jarrabawa a ƙauyenmu a shekarar. Na tashi ina kakkaɓe zanena ina ce masa ai dama mai ci irin nasa babu keken da zai ɗauke shi, shi kuma yana cewa tun da ya ɗauko baiwa mai nauyin buhun gero ya san ba za a ƙare lafiya ba. Muna cikin haka wata babbar motar siminti ta taho daga wajen Malbaza, ta wuce ta bar mu da iskarta. Muka ja keken da hannu har rumfar wani mai faci, kuma ba mu isa makaranta ba sai da hantsi ya ɗaga sosai.

Shaibu taubashina ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, kuma tun da Baba ya rasu ina shekara biyar Inna ta komo da ni gidan wanta, a ƙauyenmu da ke arewa da kwalta tsakanin Tsarnawa da Konni. A al'adarmu shi ɗan namiji shi ne ubangida, ni ƴar mace ni ce baiwa, kuma duk watan cika-ciki sai na tsare shi a zaure da tsintsiya a hannu har ya ba ni kuɗin shara, ko da dala ɗaya ce. Ban da wannan, babu irin tsiyar da ba mu yi wa juna ba. Na zuba masa ƙarangiya a wando, ya saka mini kwaɗo a tulu. In muna carafke da ƙawayena sai ya zo ya kwashe duwatsun ya ce na ubangida ne, in suna langa a dandali sai in tsaya ina yi masa waƙar faɗuwa tun bai faɗi ba. Na taɓa gaya wa mata a bakin rijiya cewa Shaibu ya gudu ya bar jakin Kawu a daji don ya ga inuwarsa, kowa ya yi dariya, shi ma ya yi, domin abin da taubashi ya faɗa ba a riƙe shi a zuciya, ba a kuma yarda da shi. Wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Haka muka tashi har bakina ya saba, in dai na ga Shaibu magana takan fito kafin tunani ya zo.

Gidan Kawu babba ne a ido: rumbu uku, turken awaki, da dogonyaro a tsakar gida inda ake shanya wake. Amma daminar shekarar ta yi tsaka-tsaki, geron bai cika rumbu biyu ba. Kowa yana da aikinsa tun asuba. Ni zan jawo ruwa tulu uku, in share tsakar gida, in taya Inna surfe, Shaibu kuma ya zuba wa dabbobi harawa, ya kwashe turke. Da sakamakon jarrabawa ya fito an yi murna kwana biyu, a na uku aka fara tambayar yadda za mu riƙa zuwa. Ƙananan motocin haya suna wucewa a kwalta daga Dogarawa da Malbaza, cike har kan rufi, kuma dala talatin suke karɓa zuwa Konni, ba ruwansu da cewa kai ɗan lakwal ne, wato ɗan makaranta. Zuwa da dawowa na mutum biyu kullum ya fi abin da gidanmu ke kashewa a miya. Kawu ya je ya roƙi wani mutum da yake sayar wa wake a gari ko zai ba mu masauki, mutumin ya ce akwai yara huɗu na dangin matarsa a ɗaki ɗaya. Sai Kawu ya kai ragonsa kasuwa ya dawo da tsohon keke baƙi. Ranar da muka komo da shi a karye, ya daɗe yana duban ƙafar, sannan ya ce a gaban kowa: "Keken ga don Shaibu nis saye shi. In ya ɗauki biyu, to. In bai ɗauki biyu ba, ɗiya mace ta zamna gida, ba ni da wani." Ba da mugunta ya faɗa ba. Inna ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago kai ba.

Mai facin nan ne ya cece ni, wani dattijo da ake ce wa Baba Ɗanladi, wanda rumfarsa take kusan tsakiyar hanya. Washegari da muka koma masa da keken, ya miƙe ƙafar ya ɗaure wayoyin, ya ce mana ko an gyara ta ba za ta ƙara ɗaukar mutum biyu ba. Ya ga na fara share ido da gefen mayafi, sai ya koya mana yadda ya ce fatake suke yi in su biyu ne jaki ɗaya. Ɗaya ya hau ya yi rabin hanya, ya ajiye keken a rumfarsa ya ci gaba da ƙafa. Ɗayan ya taho da ƙafa har rumfar, ya ɗauki keken ya ƙarasa. Kowa ya yi tafiyar rabi, ya yi hawan rabi, a isa kusan tare. Muka tsara da safe Shaibu ne zai fara hawa, don ya fita daga gari a kan keken ubansa, da yamma kuma ni in fara, shi ya shigo gari a kai. Kawu ya ji tsarin ya ce ba laifi, tunda dai ɗansa ba zai rasa komai ba.

Sai dai tsarin yana da inda bai kai ba. Inna ta ƙi yarda in kama hanya ni kaɗai kafin gari ya waye, ga kuma ruwa da shara da ke jirana. Ko na yi sauri kamar me, kafin in isa rumfar Baba Ɗanladi rana ta fito sosai, shi ma Shaibu rabin da ya rage masa ba ya ƙarewa a kan lokaci. A kwalejinmu ƙarfe takwas daidai ake buga wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a bishiya, surbeyan, wato mai kula da ƙofa da ladabin ɗalibai, ya ja ƙofa ya rufe. Wanda ya makara zai tsaya a waje har a gama darasin farko, a rubuta sunansa a wani babban littafi, sannan a ba shi tsintsiya. Darasin farko kuwa kusan kullum lissafi ne ko faransanci, kuma a lokacin ne malamai suka fi son yin gwajin ba-zata, wanda ba ya nan a ba shi sifiri. Mako uku muka yi muna isowa bayan an rufe, wani lokaci da minti goma kacal. Muna tsaye a jikin katanga muna jin ƴan ajinmu suna maimaita darasi, ƴan cikin gari waɗanda wasunsu sai sun ji ƙarar ƙarfen suke fitowa daga gida da guntun burodi a hannu. Na yi kuka a jikin katangar nan ba sau ɗaya ba, don ina son makaranta kamar raina.

Wata safiya a mako na huɗu, na fito daga ƴar hanyar ƙauyenmu na hau kwalta ke nan, sai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a mararraba ta kira ni ta nuna mini keken a jingine a bayan rumfarta. Tafiyar daga gida zuwa nan ba ta fi minti ashirin ba. Na ɗauka lalacewa ya yi, na duba na ga lafiyarsa lau. Na hau, can gaba na cim ma Shaibu yana ta zabga sauri, littattafansa a leda, takalmansa a hannu. Na tambaye shi abin da ya faru, ya ce: "Gwiwata ka ciwo in na daɗe bisa abin ga. Kuma sirdin nan na bayi na, bai dace da ubangida ba. Wuce ki ba ni wuri." Ranar na shiga ƙofa kafin a buga ƙarfe, karo na farko, na zauna a benci. Shaibu ya iso ana tsakiyar darasi na farko. Washegari keken yana bayan rumfar tsohuwar, jibi ma haka. Yakan fita daga gari a kai, Kawu yana zaune a ƙofar gida da carbi yana kallonsa, da ya sha kwana ya sauka. Tsohuwar ba ƴar garinmu ba ce, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Haka shekarar ta tafi. Kullum da safe sai na wuce shi a hanya, wani lokaci yana gudu, wani lokaci ya gaji ya koma tafiya, kuma ban taɓa wuce shi bakina a rufe ba. "Ubangida a ƙasa, baiwa a sama, a ba ni hanya," in ce. Shi kuma ya ce, "Ki gaida mushe, ki ce mishi ina tahe." Mushe muke ce wa malami. Lokacin sanyi ƙafafunsa suka yi faso har suna jini, Inna tana shafa masa man shanu da yamma tana mamakin yadda mai hawan keke yake fasa ƙafa haka. Wasu ranaku yakan yi sa'a ya shiga da ƙyar, amma mafi yawa a waje ake barinsa. Da rana ba mu komawa gida, sai mu zauna a gindin bishiyoyin bayan aji mu dama furar da Inna ta ƙulla mana a gora, mu sha da ludayi ɗaya muna faɗa a kan wanda ya fi zurfafa hannu. Nan yake karɓar littafina ya kwafi darasin da ya rasa, ni kuma ina yi masa dariyar rubutunsa. Shaibu ba daƙiƙi ba ne. A firamare shi ke koya mini rabawa da tsakuwa a ƙasa. Amma darasin da ka kwafa a littafin wani ba ɗaya yake da wanda ka ji daga bakin malami ba, sifirin gwaje-gwajen safe kuma suna ta taruwa.

A nan ne nake jin nauyin faɗar gaskiya. Ni ce na fi kowa lissafi a ajinmu, Mushe Sani malamin lissafi yakan kira ni allo in warware abin da ya gagari sauran. Yarinyar da ta iya wannan ba za ta kasa gane cewa mai ciwon gwiwa ba ya zaɓar tafiyar ƙasa mai nisa haka ba. Na sani. Ban dai so in tsaya in duba abin da na sani ba, don in na duba sai na ce a koma raba hanya daidai, in an raba kuma mu biyu za mu tsaya a jikin katanga. Sai na ɓuya a bayan wasa. Duk ranar da abin ya so ya dame ni, sai in ƙara masa tsiya, shi kuma ya rama, mu yi dariya, maganar ta wuce.

Cikin zafin watan Afrilu, wata Talata, aka aiko kirana daga aji zuwa buron surbeyan, wato ofishinsa. Na shiga na tarar da Shaibu tsaye a jikin bango, gumi ya bushe ya yi fari a rigarsa. Surbeyan ɗin sabo ne, a shekarar aka kawo shi, kuma ba mugu ba ne, mutum ne mai son tsari wanda aka ba ɗalibai fiye da ƙarfinsa. A takarda babu abin da ya haɗa ni da Shaibu sai sunan ƙauye, don sunan ubana daban, na ubansa daban. Bai san gida ɗaya muke kwana ba, balle ya san mu taubasai ne. Babban littafin yana buɗe a gabansa, alƙalami a hannu.

"Rakiya, ku biyu gari guda kuke," ya ce. "Ke ba ki makara, shi kullum. Na tambaye shi ya ƙi magana. Mi ke tsai da shi?"

Na juya na dubi Shaibu, ya dube ni. Da a ce wani ne tsaye a wurin, da na sunkuyar da kai na faɗi abin da na sani. Amma Shaibu ne, ga kuma mai sauraro, sai bakina ya yi abin da ya saba yi a bakin rijiya.

"Mushe, ai kullum wurin mai shayi nike baro shi, ya tasa burodi gaba. In bai ga ƙarshen burodin ba, bai tashi."

Shaibu ya yi dariya. Ba babba ba, irin wadda taubashi yake yi in an ci shi wasa. Surbeyan ya dube shi, ya tambaye shi ko abin dariya ne, sannan ya sunkuya kan littafin. Na ga alƙalamin yana tafiya a kan takarda, kuma wallahi ban kawo komai a raina ba. A ƙauyenmu ko yaro ɗan shekara biyar ya san Shaibu bai taɓa riƙe kuɗin shayi ba, ya kuma san maganar Rakiya a kan Shaibu iska ce. Na manta ba a ƙauyenmu nake ba. Da muka fito har ina ce masa ya ga yadda na gyara shi, ya ce in jira, bashin tsiya ba ya ruɓewa wurinsa. Da yamma ya wuce ni a kan keke kusa da gari yana fito.

A ƙarshen watan Yuni aka kafe sakamako a jikin allo. Sunana yana sama, na ci zuwa aji na gaba. Na bi layi da yatsa ina neman na Shaibu cikin masu maimaita aji, don mun san makinsa ba zai kai ba, ban gan shi ba. Yana can ƙasa, cikin waɗanda aka kora. Ina tsaye Mushe Sani ya zo ya ja ni gefe. Ya ce kaɗan ya rage wa yaron, kuma a taron malamai irin waɗannan akan bar su su sake aji in suna da uzuri. Shi da kansa ya nemi a bar shi. Sai aka buɗe littafi aka karanta cewa yaron yana makara ne don zaman mai shayi, ƴar garinsu ta ba da shaida a gabansa, shi kuma ya yi dariya. "Da a ce da ƙasa yake tahowa tun daga can, da ba a kore shi ba," in ji Mushe Sani. Bai san ni ce ƴar garin ba, ko kuma ya sani ya tausaya mini.

Na ruga buro ina kuka, na faɗi komai: keken, rumfar mai ƙosai, fason ƙafa, da cewa shi taubashina ne. Surbeyan ya ajiye abin da yake yi ya saurare ni har na gama. Na ga fuskarsa ta sauya da ya ji kalmar taubashi, don shi ma yana da nasa a garinsu. Sannan ya ce takardun sun riga sun tafi, an sa hannu, ba shi da ikon dawo da su. Ya tambaye ni me ya sa ban faɗa ba tun ranar.

Labarin shayi ya riga mu isa gida. Kawu bai doki Shaibu ba, da ma ya doke shi. Ya tambaye shi sau ɗaya inda yake samun kuɗin burodi, Shaibu ya sunkuyar da kai, daga nan Kawu ya shiga ɗaki ya fito da hauya ya ajiye a gabansa. Duk daminar nan suna noma kafaɗa da kafaɗa, amma ban ji Kawu ya kira sunansa ba sai in aiki ya tilasta. Ina kai musu fura gona, ina ganin komai. Sau da yawa na tsaya a bayan Kawu da ƙwarya a hannu, maganar tana bakina, sai in tuna abin da ya faɗa ranar da keken ya karye. In ya ji cewa saboda ni ɗansa ya rasa makaranta, ban san abin da zai yi ba, kuma na ji tsoron in sani. Da Oktoba ta zagayo ya fito da keken ya jingine a ƙofar ɗakin Inna, ya ce: "Tunda shi ya zubar, ke ki hau." Na ce na gode. Shekara uku na yi ina hawan keken nan daga ƙofar gida har ƙofar makaranta, ban makara ba ko sau ɗaya, kuma babu safiyar da na wuce mararrabar nan ban kau da kai ba.

Shaibu ya yi noma, ya yi cirani a Sakkwato, ya dawo ya yi shekaru yana dakon buhunan siminti a Malbaza har bayansa ya fara ba shi wahala, ya koma gona. Ni na ci gaba har na zama malamar lissafi, yanzu a wata kwaleji a nan Konni nake koyarwa. Kawu ya rasu shekara shida da suka wuce. Ya yi alfahari da ni ƙwarai, yakan ce wa baƙi ga ɗiyar da ta san darajar keke. Ya tafi yana ganin ɗansa ya sayar da karatunsa a kan shayi da burodi, ni kuma ina zaune a gefen shimfiɗarsa ranar da ya cika, ban gyara masa ba.

Ɗiyar Shaibu ta fari, Sa'a, a gidana take zaune tana kwaleji. Bara lokacin roron wake na kai ta gida hutu, na bi Shaibu gona. Muna tsugune muna cika kwando, mu biyu kawai, na ce masa ina da magana, kuma ba ta wasa ba ce. Ya ce baiwa yau kuma da wace ta zo. Na ce ya yafe mini abin da na faɗa a buro, da shirun da na yi wa Kawu. Ya so ya mai da abin raha, don tsakanin taubasai ba a saba neman gafara ba, tunda ba a yarda akwai laifi ba. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya zauna a kan kunya, ya cire hularsa ya riƙe.

"Kina tsammanin ban iya buɗe baki ranar ba?" ya ce. "In na ce da ƙasa nike tahowa, sai su tambayi ina keke. Su kira Baba. Kin san abin da Baba za shi yi." Ya murza kwanson wake a hannu. "Hanyar nan mutum guda taka kaiwa kan lokaci, Rakiya, na auna ta da ƙahwata. Shirun da kinka yi, shi niy yi. Mu biyu munka yi shiru, kuma don mutum guda."

Na tambaye shi ko bai taɓa jin ciwon abin ba. Ya ce ya ji, musamman shekarar farko, in ya hango ƴan lakwal daga gona. Ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ubansa. Daga nan ya mai da hularsa ya ce in tashi in yi aiki, ba a kawo baiwa gona don ta zauna ba.

Yau Konni ta faɗaɗa, unguwanni sun miƙe har inda da gonaki ne, kabu-kabu da adaidaita sun cika titi, kuma yaran da ke zuwa mana daga nesa sun ninka na zamaninmu. Abin hawa ya yi yawa, kuɗinsa ne dai har yanzu ya fi ƙarfin uban da ke jiran damina. Mu malamai da kwamitin iyaye mun daɗe muna yawo, daga ƴan tasha zuwa wannan buro zuwa wancan, muna roƙon a yi wa ɗan makaranta kati ya riƙa biyan rabi, a kuma samo ko mota ɗaya ce da za ta bi hanyar Tsarnawa da safe ta komo da rana. Ana karɓarmu da mutunci, ana cewa za a duba. Abin da ke hannuna kaɗan ne: ba na yin gwaji a darasin farko, kuma duk yaron da ya shigo a makare sai na tambaye shi daga ina ya taso kafin in tambaye shi komai. Ta tagar ajina ina hango waɗanda aka rufe wa ƙofa, a tsaye jikin katanga da ƙura fari fat har gwiwa, sai in riƙa tunanin wane ne a cikinsu ya bar wa wani wurinsa yau. Shaibu yana da kan da zai kai shi inda na kai, ko ya wuce, abin da ya rasa bai fi kujera ɗaya a mota da safe ba. Hanya ce ta kore shi, ni kuma na ara mata bakina.